Tambaya da Amsa: "Malam, yaya zan samu natsuwa a poka ta ƙananan kuɗi?"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 26, ina sana'ar POS a bakin kasuwar Wunti tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Wata bakwai ke nan da wani abokina ya koya mini wasan karta na poka a waya. Ba manyan kuɗi nake sawa ba, teburin senti ɗaya da senti biyu nake zama, wanda ake shiga da dala biyu. Na kalli bidiyoyi da yawa a YouTube, na san katin da ya kamata in bi da wanda ya kamata in ajiye. Matsalata natsuwa ce. In na yi awa guda ina ajiye kati sai gundura ta kama ni, in fara bin duk abin da aka raba mini. Kuma a shago nake yi, ga kwastoma ga waya. Makon jiya aka ba ni as biyu, wato rabon da ya fi kowane ƙarfi a wasan, na zuba duka, wani ya bi ni da tarkacen kati ya cinye ni a katin ƙarshe. Zuciya ta ɗebe ni na haura babban tebur don in rama. Kafin asuba naira 42,000 ta tafi, kuma cikin jarin POS na ɗiba, wanda rabinsa na yayana ne. Na san kai malamin lissafi ne. Ka ba ni hanyar da zan horar da kaina in riƙa wasa da tsari har in mayar da kuɗin. Don Allah kada ka ce mini caca ce, wannan wasan basira ne, ba irin na masu cacar ƙwallo ba.

Ƙaninka mai POS, Wunti, Bauchi

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Na gode da ka faɗi adadin kuɗin da kuma inda ka ɗebo su. Mafi yawan masu rubuto mini irin wannan magana cewa suke "ɗan wani abu ne ya salwanta". Wanda ya iya rubuta 42,000 da hannunsa, ya kuma ambaci yayansa, bai yi nisan da ba zai ji kira ba.

Bari in fara ba ka gaskiyarka. Akwai basira a poka. Kati 52 ne, kowa a ba shi biyu a ɓoye, a shimfiɗa biyar a tsakiya. Hanyoyin da katin nan biyu za su iya zo maka 1,326 ne, in aka haɗa masu ƙarfi ɗaya su koma iri 169. Wanda ya san masu ƙarfi a cikinsu, ya san amfanin zama na ƙarshen magana, ya san cewa in yana da kati huɗu masu alama ɗaya bayan an buɗe ukun farko to damar ya cika biyar kusan 35 ce cikin 100, lalle ya fi mai bin kowane kati da fatan sa'a. Shekara 28 na yi ina koyar da lissafi a sakandare, ba zan yi maka musun wannan ba. Shi kansa fannin lissafin yiwuwar abu, wanda nake koya wa 'yan aji biyar, tushensa wasiƙun da wasu Faransawa biyu, Pascal da Fermat, suka yi wa juna a 1654 kan yadda za a raba kuɗin caca in an tashi wasa bai ƙare ba.

To tunda a matsayin malamin lissafi ka neme ni, ɗauko biro da bayan littafin POS ɗinka mu zauna.

Mu ɗauka dala tana naira 1,500. Dala biyun da kake shiga da ita naira 3,000 ce. Babban zubin dole, kuɗin da ake sa mutum ɗaya ya zuba kafin a raba kati, a teburinka senti biyu ne, wato naira 30. 'Yan poka da wannan zubin suke auna ribarsu: wanda ke cin zubi biyar a kowane zagaye ɗari, a tsawon lokaci, ana lissafa shi cikin waɗanda suka iya. Zubi biyar a wurinka naira 150 ke nan. Teburin mutum shida a intanet yana yin zagaye 70 zuwa 80 a awa. Ke nan in ka zama gwanin da kake son zama, ba gundura, ba fushi, ba kwastoma mai katse ka, abin da za ka samu a awa guda bai wuce naira 120 ba. Ka ninka shi biyu ma, mu ce ka fi gwanaye gwaninta, naira 240. Ba mu cire data ba, ba mu cire cajin waya ba, ba mu cire abin da mai canji ke yanka lokacin da naira za ta koma dala da lokacin da za ta dawo ba.

Ni ma a Wunti nake cire kuɗi in na je cefane. In na cire 5,000 naira 100 nake bayarwa. Mutum ɗaya da ya tsaya gaban lemarka minti biyu ya kusa biyan ka abin da awa guda ta cikakkiyar natsuwa za ta ba ka a wancan teburin. Yanzu raba 42,000 da 120. Awa 350 ke nan. In kana yin awa uku kullum, kusan wata huɗu ba fashi, kuma da sharaɗin ba za ka sake yin dare irin na makon jiya ba ko sau ɗaya.

Akwai kuma mai gidan wasan, wanda ba ya zama a tebur amma ba ya tashi hannu rabbana. Duk kuɗin da aka tara a tsakiya yana yankar la'adarsa, galibi wajen kashi biyar cikin ɗari. Ga misali. Ku shida kun zauna, kowa da 3,000, jimla 18,000. A ce a awa guda an yi zagaye 40 da aka tara naira 300 a kowanne. La'adar kowane zagaye naira 15, a awa naira 600. In ku shidan ƙarfinku ɗaya ne, kuna ta miƙa wa juna kuɗin nan, yau wannan ya ci gobe wancan, cikin awa 30 babu wanda zai tashi da ko sisi. Duk sun koma aljihun mai gida. Shi ya sa fin abokan zama iyawa kaɗan ba ya wadatarwa, sai ka fi su da ratar da ta zarce la'adar, kuma shi ya sa mafi yawan masu wasan asara suke yi ko da sun san dokokinsa sarai.

Yanzu mu zo kan abin da ka tambaya, wato natsuwa. Waɗanda suka ƙware a teburin mutum shida suna ajiye katinsu kusan sau uku cikin kowane rabo huɗu tun kafin a buɗe komai. A awa guda, sau hamsin da wani abu kana zaune kana kallon wasu na wasa. Wannan haƙuri ne mai nauyi, irin na mai kamun kifi a madatsar ruwa ta Gubi, sai dai shi in ya dace yana komawa gida da abin miya. Kai kuwa ladan haƙurinka bai kai kuɗin kwalbar lemo ba. Zuciyarka ta riga ka yin wannan lissafin, shi ya sa take gundura, take neman abin da zai motsa ta. Kuma ƙofofi biyu ne kawai a buɗe gabanta: ko ka buɗe tebura huɗu a lokaci ɗaya hankalinka ya rabu huɗu, ko ka haura inda kuɗin ke da zafin da za ka ji shi a jikinka. Ta biyun ka bi makon jiya. Ƙaramin tebur zaure ne, ƙanena. Ba a gina zaure don baƙo ya tare a ciki, ana gina shi ne don a bi ta nan a shiga gida.

Wani masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Harvard, B. F. Skinner, ya yi gwaji da tattabaru. Wadda ake ba tsaba duk sanda ta caki maɓalli, da zarar an daina ba ta sai ta haƙura da wuri. Wadda kuwa ake ba jefi-jefi, ba ta san cakar da za ta kawo tsaba ba, ita ce ke ci gaba da caka ba ƙaƙƙautawa ko bayan an rufe. Duk wanda ya taɓa kiwon tattabaru a soro zai gane hoton. Rabon kati haka yake aiki a kan mutum: na gaba ƙila shi ne. Wannan jan ba ya duba girman kuɗin, senti biyu ma ta ishe shi ya kafa saiwa.

As biyun da suka ƙona maka rai, sau ɗaya suke zuwa a cikin rabo 221, wato wajen awa uku kana jira a tebur ɗaya. In ka zuba duka mutum ɗaya ya bi ka da kowane irin kati, za ka ci kusan sau 85 cikin 100. Sauran 15 ɗin fa? Kusan sau ɗaya a cikin bakwai za a cinye ka, kuma babu zalunci a ciki, haka lissafin yake tun kafin ka zauna. Abin da wasan ya ci maka a daren nan naira 3,000 ne. Sauran 39,000 ramuwa ce ta ci. Wasu masana biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna tun 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin riba ƙarfi a zuciyar mutum, daga baya suka ƙiyasta ya kai kusan ninki biyu, kuma mutumin da yake cikin asara ya fi saurin yin kasadar da ba zai taɓa yi ba da rana tsaka. Mu Hausawa mun taƙaita shi da cewa garin neman gira a rasa ido. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne jimlar nan ta "har in mayar da kuɗin". Ita ce dai tunanin da ya hau da kai babban tebur da ƙarfe biyun dare, yanzu ta canja riga ta dawo da sunan tsari.

Ga wani abu da bidiyoyin ba sa tsayawa a kansa. Sa'a tana kaɗa sakamakon poka da ƙarfin da ya ninka ribar gwani sau goma sha wani abu a kowane zagaye ɗari. In ka yi lissafin, gwanin nan mai cin zubi biyar, bayan zagaye 10,000, wato sama da awa 130 a tebur ɗaya, kusan sau uku cikin goma za ka same shi cikin asara. Juya shi kuma: wanda a haƙiƙa asarar zubi biyar yake yi, shi ma kusan sau uku cikin goma za ka same shi da riba bayan wannan tsawon lokacin, yana bugun ƙirji ya iya. Wata bakwai ɗinka na wasa tsakanin kwastoma da kwastoma ba su isa su gaya maka ko kana cikin waɗannan ko waɗancan ba. A makaranta in ɗalibi ya yi kuskure ina jan masa jan biro nan take, ya gyara. Wannan wasa yana ba mai kuskure lada, ya hukunta mai daidai, na tsawon watanni. Da wuya a samu malami mafi muni ga mai son koyon tsari.

Kuma wa ke zaune a kujerar da ke fuskantarka? Ba ka ganinsa. A 2019 masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon da kamfanin Facebook suka fito da wata manhaja mai suna Pluribus da ta doke manyan ƙwararrun duniya a teburin mutum shida, irin wanda kake zama, kuma kuɗin hayar kwamfutar da aka horar da ita bai kai dala 150 ba. Su kansu gidajen wasan sukan sanar da rufe asusun da suka kama manhaja ce ke wasa a madadin mutum. Manhaja ba ta gundura, ba ta fushi, ba mai zuwa ya ce mata "a cire mini dubu biyar". Sannan kuɗin da ka tura suna hannun kamfanin da ke wata ƙasa. A 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan gidajen poka na intanet a ƙasarsu, aka gano ɗaya daga ciki, Full Tilt, 'yan wasa na bin sa kusan dala miliyan 390 alhali abin da ke asusunsa bai wuce miliyan 60 ba. Waɗannan mutane ne masu lauyoyi da kotuna a kusa, sai da suka yi shekaru suna jira. Kai daga Wunti wa za ka kai wa ƙara?

Na san labarin da ke yawo a bidiyoyin, na akawun nan ɗan jihar Tennessee, Chris Moneymaker, da ya shiga ta ƙaramar gasar intanet da abin da bai kai dala ɗari ba, ya je Las Vegas a 2003 ya ci dala miliyan biyu da rabi. Gaskiya ne ya faru. Mutum 839 ne suka zauna a gasar, kujerar kowa dala 10,000, kuma mafi yawansu haka suka tashi ba ko kwabo. Daga aljihunsu miliyoyin suka fito.

Ka roƙe ni kada in ce caca ce. Ba zan iya yi maka wannan alfarmar ba, don da na yi na cuce ka. Duk inda mutane suka zuba kuɗi, aka rataya wanda zai kwashe a kan abin da ba wanda ya san yadda zai faɗo, ribar ɗaya kuma ita ce asarar ɗan'uwansa, sunanta ke nan, ko da basira ko babu. Katin ƙarshen da ya cinye ka, basirar wa ta juyo shi? Alƙur'ani bai musa cewa akwai ɗan amfani a ciki ba. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ambaci amfanin, ta ce zunubin ya fi shi girma. Aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka ce a nisance ta, suka kuma faɗi abin da take haifarwa: gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, da shagaltarwa daga ambaton Allah da salla. Ka duba wasiƙarka da kanka. Ka ce "kafin asuba". Yaya asubar ranar ta kasance? Kuma me zai shiga tsakaninka da yayanka in ya ji daga bakin wani? A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya ce wa abokinsa "zo mu yi caca" ma an umarce shi ya yi sadaka, tun bai zauna ba. Ba a ware senti biyu ba. Kuma kana zaune ne a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 2001, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu, don haka ba abin da za ka so a gan ka kana yi a bakin kasuwa ba ne.

Ina da abokin aiki a wata makaranta da na koyar a wajen gari, shekarun 1990. Duk cikinmu babu wanda ya kai shi kaifin lissafi. Da daddare yakan je bayan tasha inda ake karta a kan tabarma da fitilar aci-bal-bal, da naira ɗai-ɗai. Yana da dokoki, ya rubuta su a bangon littafinsa, na gani da idona: ba zai wuce naira 20 a dare ba, ba zai wuce ƙarfe goma ba, ba zai je ranar da ransa ke ɓace ba. Zango guda cur ya riƙe su, yana alfahari da haka, mu ma muna cewa ai shi ya san abin da yake yi. A zango na biyu aka damƙa masa kuɗin rajistar jarrabawar ɗalibai ya ajiye na mako biyu. Ya ara kaɗan da niyyar mayarwa ranar albashi. Ni na raka shi sayar da babur ɗinsa don a cike giɓin kafin iyayen yara su ji. Da aka gama ciniki, mai saye ya kama kan babur ɗin, sai abokin nawa ya ce a dakata. Ya sunkuya ya kwance murfin kujera da matarsa ta saƙa masa da zaren ulu ja da fari, ya ninke shi huɗu ya sa a aljihun riga. A ƙafa muka koma, bai ce mini uffan ba har ƙofar gidansa. Da na karanta cewa rabin jarin na yayanka ne, shi na tuna. Dokokinsa ba su da aibu ko ɗaya. Abin da bai rubuta ba shi ne ranar da kuɗin wani zai kwana a hannunsa, kai kuwa kullum kuɗin wani a hannunka yake kwana.

Saboda haka ga horon da zan ba ka, kuma ya fi ajiye kati wuya. Kafin Juma'ar nan ka je wurin yayanka, kai da kanka, ba ta waya ba. Ka gaya masa adadin kamar yadda ka gaya mini. Zai yi faɗa, yana da haƙƙi. Ka tafi da tsarin biya a rubuce: naira 1,000 kullum, kwana 42. Kwastoma goma ne a rana. Ka kwatanta da awa 350. Ka ce masa daga yau kowane dare za ka tura masa hoton shafin littafin ranar da abin da ya rage a na'ura, don wanda ya san za a duba shi da magariba hannunsa ba ya saurin zuwa inda bai kamata ba.

Kada ka tsaya a goge manhajar, minti biyu ne ka sake sauke ta. Gidajen wasan da ke da lasisi suna da wurin da mutum zai nemi a rufe masa asusu a hana shi shiga, ka zaɓi mafi tsawon wa'adin da suka bayar, ka cire abin da ya rage in akwai. Hanyar da kake bi naira ta koma dala, ita ma ka toshe ta, ka goge lambar mai canjin. Abokin da ya koya maka, ka gaya masa ka bari, kada ya ƙara turo maka hoton cin da ya yi. Da daddare wayar ta kwana wurin caji a wani ɗaki. Makonni biyun farko za ka ji hannunka na ƙaiƙayi, musamman tsakanin azahar da la'asar in kasuwa ta yi sanyi. Ka san da zuwansa tun yanzu, ka tanadi abin da za ka sa a wurin.

Kuma ina da shawarar abin da za ka sa. Yaron da ya zauna ya haddace iri 169 na kati, ya fahimci kashi cikin ɗari ba malami, yana da kan lissafi, kuma wannan ba ƙaramar baiwa ba ce. Ka koyi Excel, manhajar jera lissafi, a wayar nan taka, ka fara da littafin shagonka: wace rana aka fi cire kuɗi, wace awa, nawa ya kamata ka kwana da shi ranar jajibirin albashi. Irin tunanin da poka ta sa ka fara ne, sai dai nan amsar tana shiga aljihunka. In abin ya kama ka, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiya a nan Bauchi, kana sana'arka kana karatu.

In ka yi duk wannan ka ga bayan wata guda ka koma a ɓoye, kada ka tsaya zargin kanka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da caca cikin jerin cututtukan da ake dubawa, kusa da shaye-shaye. Ka je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa ka faɗi abin da ke damunka, ka tafi da yayanka in ya yarda. Ka rubuto mini ranar da ka cika kwana 42.

Tambaya: Malam, in ana yin poka da kuɗin wasa na cikin manhaja, ba kuɗin gaske ba, akwai matsala?

Ɗalibi, Gwallameji

Amsa: Ɗana, in babu abin da aka zuba babu abin da za a ci, ma'anar caca ta fita. Wasan karta kansa kuwa malamai sun saɓa a kansa, wasu sun hana, wasu sun yi sauƙi in bai ci lokacin salla da aiki ba. Abin da zan ƙara maka daga ɓangarena shi ne ka lura da ranar da kuɗin wasan suka ƙare manhajar ta ce ka sayi wasu da katin banki. Yawancinsu da haka suke cin abinci. Daga ranar da ka saya, naira ta gaske ta fara fita, kuma wannan ba ta da hanyar dawowa ko ka ci. Kana da jarrabawa a gabanka, ka duba a saitin wayarka awa nawa manhajar ta ci maka a makon jiya.

Tambaya: Malam, maigidana yana wasan karta na kuɗi a waya har ƙarfe biyun dare. Ya ce bai wuce naira 2,000 yake sawa ba, kuma gaskiya bai rage mana cefane ba. In yi shiru ko in yi magana?

'Yar'uwarka, Jekadafari, Gombe

Amsa: 'Yar'uwa, ki yi magana, amma ki zaɓi lokacinta. Kada ki tare shi yana tsakiyar wasa, kada kuma ki tare shi da safiyar da kika ga fuskarsa a murtuke, wannan safiyar asara ce, duk abin da kika faɗa faɗa zai zama. Ki bari ranar da ya ci ya ƙoshi hankalinsa a kwance. Ki fara da abin da ba zai musa ba: barcinsa, asubarsa, hirar da kuka daina yi, yaran da ke kwanciya ba su gan shi ya ɗago kai ba. In kika fara da kuɗi zai nuna miki buhun shinkafa ya ce me kika rasa, magana ta mutu a nan.

Naira 2,000 ɗin da ya faɗa, ki roƙe shi cikin ladabi ku buɗe tarihin asusunsa na wata uku ku tara tare. Sau da yawa mai yin abin shi kansa bai taɓa tarawa ba, yana tuna daren da ya ci ne ya manta sauran. In ya yarda kuka duba, alama ce mai kyau ƙwarai. In ya fusata ya kife wayar, wannan ma amsa ce.

Kafin nan ki tsare abin da yake naki, kuma wannan ba rashin biyayya ba ne, dukiyar mace tata ce a shari'a. Kuɗin adashenki, jarin sana'arki, sarƙarki, su zauna inda suke. Kada ki ba da lambar sirrin katinki, kada ki yarda a karɓi bashin manhajar waya da sunanki ko da lambar BVN ɗinki, don in ba a biya ba ke za a bi, kuma 'yan'uwanki za a riƙa kira. Cefane shi ne abu na ƙarshe da yake taɓuwa, mutum yakan ci bashi a waje wata da watanni kafin tukunyar gida ta nuna. Abin da za ki sa wa ido shi ne ranar da ya ce ki ara masa wani abu zuwa ƙarshen wata ba tare da ya faɗi na mene ne ba, ko wani ya yi sallama a ƙofar gida yana nemansa kan kuɗi. In ɗayan biyun nan ya faru, ranar ki je wurin yayansa ko kawunsa, wanda kika san yana jin nauyinsa kuma ba zai yaɗa ba, kada ki jira na biyu.